Tanar da ke Leƙowa a Ƙafafuna

Zuwa ga Yaya Shefali,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya yaran? Ni lafiya lau, sai ɗan tarin nan da ya ƙi tafiya. Sanyin Ostareliya ne kawai.

Har yanzu ina aiki da tsoho Merv. Tanar teku muke kamawa, mu sa a ƙugiya mu kama farin kifin bakin gaɓa. Cikin yashi take ɓuya, wata ta fi ni tsawo. Ruɓaɓɓen kifi ake kaɗawa a ruwa, in igiyar ruwan ta janye sai tanar ta leƙo da kai, ka cafke ta. Merv kan ce, "Ɗana, ba ta leƙowa sai ta ji warin mushe."

Shekaranjiya da safe na manta buhun kifin a mota. Ina tsaye hannu wofi, ruwa ya ja baya, sai ga kawuna sun kewaye ƙafafuna kamar an shuka su. Merv na gefena, ko ɗaya babu a wurinsa.

Na ce, "Baba, rashin wanka ne!"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Fito daga ruwan. Marigayiya matata ma haka suka yi mata gab da rasuwarta."

Jiya ya ba ni dogon takalmin roba. Duk da haka suka leƙo.

Ki aiko mini da sabon hoton Inna, da wuri. Ki ce mata kasuwa na kyau, don yanzu ba wanda ya kai ni samun tana.

Ku sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Mokbul