Ni na kira wa ɗan kawuna askarawa, matarsa ce ke biyan laifin

Assalamu alaikum admin da jama'ar gidan nan. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma kafin a zage ni a karanta har ƙarshe, don na riga na zagi kaina ya ishe ni.

Daga Jidda nake rubutowa. Umara na zo na ƙi komawa, ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, abinci nake sayarwa wajen Bab Makka. Ɗan kawuna ne ya riƙe ni a gidansa a unguwar Aziziyya, bari in kira shi Yaya Faisal. Haifaffen nan ne, Hausarsa duk ta karye, taubashina ne kuma, kullum muna tsokanar juna, yana ce mini baƙauyiyar Kano ina ce masa Balaraben bogi. Sai kwatsam ya daina dariya, ya daina cin abinci, ya koma zaman ɗaki. Wata rana muna naɗa sambusa, matarsa Anti Samira ta fashe da kuka ta gaya mini yana ganin likitan ƙwaƙwalwa a ɓoye saboda ciwon damuwa, ita kaɗai ya gaya wa. Ta sa na rantse ba zai fita daga bakina ba, na kuwa rantse.

Akwai tsohuwar bindigar farauta ta marigayi Kawu a gidan, ba ta da takarda. Ranar da Anti ta je gidan iyayenta a unguwar Safa, na dawo da la'asar na same shi ya ɗora ta a cinya yana gogewa. Na yi masa wasan da muka saba. Sai ya ce, "Wallah na gaji, ya ukhti, 'yar uwata. Halas, shi ke nan, hutu nake so." Jama'a, ku ne me za ku yi?  In kira askarawa, wato 'yan sandan nan, da kaina, ni da ko jiniyar motar asibiti na ji sai na nemi lungu? Sai na ruga wajen wata maƙwabciyarmu mai takardu na roƙe ta ta kira. Ta ƙi, wai mutum na goge kayan ubansa mene ne abin kiran hukuma? Don ta yarda, na buɗe baki na zayyane mata zancen likitan kaf, a bakin ƙofarta, surukarta na tsaye tana ji. Nan take ta ɗauki waya ta kira askarawa.

Da suka iso na haye saman bene na maƙale bayan tankin ruwa. Ina jin Yaya yana tambayarsu takardar izinin shiga, suka ce rahoton rai a haɗari ba ya jiran takarda. Suka shiga har uwar ɗaka, suka ɗauke bindigar, suka tafi da shi. Abin da ke hana ni sukuni shi ne, da suka tambaya ko akwai wani a gidan, da ƙarfi ya ce babu kowa, shi kaɗai ne. Ni na jawo masa su, shi kuma ni yake karewa.

An sake shi, amma maganar bindigar na gaban hukuma, kuma duk mutanen benen da muke zaune sun san sirrinsa. Yara na nuna shi, a masallaci ana matsa masa gefe kamar mai ƙyanda. Ya daina zuwa wajen likitan ma, wai daga can ko daga matarsa maganar ta fita. Ƙarshe ya tsayar da zarginsa a kan Anti Samira, ya ce ta zauna a Safa sai ya neme ta. Ni kuma ni ce 'yar amana, ni ke kai masa shayi yana gaya mini babu wanda ya rage masa sai ni. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Jiya Anti ta kira ni, ba faɗa ba zagi. Ta ce, "Na san ke ce, ƙanwata. Ban faɗa masa ba don in ya kore ki ba ki da inda za ki. Amma ya ce Juma'a zai zo wajen Abuya, mahaifina, a gama magana, kin san me ake nufi."

Wallahi ban yi nadamar ɗauke bindigar ba, gara ya tsane ni yana numfashi. Amma in na faɗa, wa ya san yadda zuciyarsa za ta ɗauka a halin da yake ciki? Kuma ina zan kwana? In na yi shiru, auren matar da ta rufa mini asiri zai mutu a kan laifina. Ɗazu ya miƙo mini akwati ya ce in haɗa mata kayanta, ga shi nan buɗe a gabana ko ɗankwali na kasa sakawa. Don Allah ku gaya mini, kafin Juma'a, me zan yi?