Launin Toka da Aka Mayar Kore

Daga: Jami'a mai hasashen ambaliya, Sashen Nazarin Ruwa
Zuwa ga: Mai girma Babban Darakta, Hukumar Kula da Kogi da Rassansa
Ta hannun: Shugaban Sashe
Kwanan wata: 11 ga Afrilu

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SAUYA LAUNI A TASWIRAR AMBALIYA BA DA SANINA BA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da wannan koke, duk da ba shi ne na farko ba, kuma ban ga amsar na baya ba.

1. Kamar yadda mai girma ya sani, aikina shi ne in tattara hotunan tauraron ɗan Adam, in haɗa su da ma'aunin ruwan sama da tudu da gangaren ƙasa, kwamfuta ta fitar da inda kogi zai kai in ya cika. Shuɗi na nufin ruwa zai ci wurin, kore na nufin ba zai kai ba. Inda gajimare ya rufe hoto kuwa, launin toka muke sawa, ma'ana ba mu sani ba.

2. A daminar bara gajimare ya kwanta a kan gaɓar yamma, ƙasa da tsohuwar gada, tun daga farkon Agusta har ruwa ya janye. Na roƙi a samo mana hotunan da ke ratsa gajimare, aka ce in yi haƙuri. Na yi haƙuri, na shafa wa yankin toka, na miƙa taswira ranar 6 ga Disamba.

3. Ranar 20 ga Janairu na ga taswirar a manne a bangon ofishin rabon filaye, gaɓar yamma kore shar, sunana a ƙasa. Da na bi sawu, jami'in ɗab'i ya shaida mini cewa ya ɗauka tawada ce ta gaza, shi ya sa ya cike wurin da launin da ke kusa don kada aikin hukuma ya fito da dabbare-dabbare. Ban ga mugunta a fuskarsa ba, har jira yake in gode masa.

4. Na kai maganar ga Shugaban Sashe, ya tura ni sashen ɗab'i. Su kuma suka ce sai da umarni daga sama. A sama aka ce mai girma yana taro. Ranka ya daɗe, na hau matattakalar nan har masu shara sun daina gaishe ni, sai dai su matsa mini in wuce. Na gaji, kuma ba na jin kunyar rubuta hakan a takardar hukuma.

5. A halin yanzu an fara raba filaye a wurin. Cikin waɗanda suka samu har da ƙanena, wanda ya riga ya zuba harsashin gida, yana shirin ɗauko mahaifiyarmu ta zauna da shi kafin damina. Na ce masa ya dakata. Ya yi dariya, ya ce ai da idonsa ya ga sunan yayarsa a jikin taswirar, shi ya sa ma ya zaɓi wurin. Ban ce ruwa zai ci gidansa ba, ban kuma ce ba zai ci ba. Ban sani ba, abin da na rubuta ke nan tun farko.

Saboda haka ina roƙon mai girma, cikin ladabi, da ya ba da umarnin janye taswirar daga duk inda aka manna ta, a dakatar da rabon filayen, a kuma sanar da waɗanda suka riga suka karɓa. In hakan ya gagara kafin ruwan farko, to a taimaka a goge sunana daga jikinta. Wataƙila in ƙanena ya je ya tarar babu sunan, ya yarda da bakina, ya bar mahaifiyarmu inda take.

Ina mai jiran umarninka cikin biyayya. Allah ya ƙara girma.

Taka mai biyayya,
(sa hannu)
Jami'a mai hasashen ambaliya