Na sa gishirin tumaki a ruwan kifin Yayana, an ɗora wa wata laifin

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni. Kwana huɗu ke nan rabona da cin abincin kirki. Sunayen da zan ambata duk na sauya su.

Ni budurwa ce a Tasawa, na yi lise har tarminal, ajin ƙarshe na sakandare, jarrabawar bak ta kayar da ni sau biyu, yanzu ina gida. Yayana, in ce mashi Yaya Laminu, aikin haɗa pano na hasken rana yake yi. Bara wani Balarabe da zai bar Yamai ya sayar mashi da akwatin gilashi na kiwon kifin teku, da duwatsunsa da murjani mai rai da injunansa duka. Ya kawo shi gida ya kafa a ɗakinsa, ya ja mashi wuta daga pano don kada ɗaukewar kuran, wato lantarki, ta taɓa shi. Mutanen unguwa har layi suka riƙa yi. A ciki akwai wani ɗan kifi da bai kai tsawon yatsa ba, ja wur da zane-zane baƙaƙe, gefen bayansa shuɗi. Yaya ya ce da Faransanci sunansa ƙaramin kifin mala'ika, Inna ta ce ba a gidanta za a kira kifi mala'ika ba, sai muka sa mashi Garwashi. Shi kaɗai ne irinsa a ciki, don Yaya ya ce in aka haɗa biyu sai sun kashe juna.

To akwai Rakiya, ɗiyar kawuna daga Tchaké, taubashiyata. Yaya ne ya ɗauko ta ya sa ta kolej a nan, bana za ta yi birebe, jarrabawar gama kolej. Da aka tura shi aiki Agadas na wata uku, na tabbata ni zai bar wa kifin. Wa ya karanci kimiyya a gidan nan in ba ni ba? Wa ke fassara mashi takardun magungunan ruwan? Amma sai ya kira Rakiya a gabana ya miƙa mata makullin ɗaki. Na ce Yaya, yarinyar da ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce tabkin garinsu ba? Ya yi dariya ya ce, "Ke kin san littafi, ita ta san haƙuri. Ke ko shayi kika ɗora sai kin manta shi." Kowa ya yi dariya, har ni. Wallahi maganar nan ba ta bar ni ba.

Daga nan kullum in ya kira ta bidiyo, gaisuwata ba ta wuce kalma biyu sai ya ce in ba Rakiya. Su yi rabin awa suna maganar ko Garwashi ya ci, ko ya ciji murjani, ko ya fito daga ramin dutse. Kifin ma da ya ga inuwarta yake fitowa, ni kuwa in na matso sai ya shige. Ita kuma da wasan taubasantaka take ce mani ko kifi ya san mai faɗuwa bak. Na san wasa ne, ni ma ina ce mata baƙauya. Amma ina ramawa da baki, kishi yana ci na. Yayana ne fa, uwa ɗaya uba ɗaya. Yaushe na zama mai riƙe mata waya?

Ga yadda aikin yake. Da zafin nan namu ruwan akwatin yana raguwa kullum, amma gishirin ba ya tafiya, don haka ruwan da ake cikawa da shi dole ya zama tatacce, babu gishiri ko kaɗan. Rakiya na tace shi ta ajiye a wani bido shuɗi, wato jarka, a wajen ƙofar ɗakin, kullum da safe ta cika zuwa layin da Yaya ya zana, ta auna gishiri da wani ɗan abin awo ta faɗa mashi lamba. Sai shaiɗan ya kawo mani dabara, ko in ce ni na kawo wa kaina. Na ce in na narka gishiri a bidon, lambar za ta hau, Yaya shi yi mata faɗa, shi ce a ba ni. Faɗa kawai nake so a yi mata, Allah ne shaidata. Ranar Litinin tana lakwal wajen karatu, na tarar Inna na zaune kusa da gishirin miya, sai na zagaya garke na ɓallo guntun kantun Bilma da Baba ke ajiye wa tumaki su lasa. Na daka, na narka, na tace da ɗankwali, na juye a bidon. A raina gishiri ai gishiri ne. Na manta, ko ban tsaya tunani ba, cewa na dabbobi cike yake da kanwa da ƙasa.

Talata da safe ta zuba da hannunta ta tafi. Kafin azahar ruwan ya yi fari kamar an dama gari. Murjanin duk ya tsuke. Garwashi ya fito yana haki a saman ruwa, yana kifewa yana tashi, ni ina tsaye ina kallo ta taga, makulli yana wuyan Rakiya a lakwal. Da ta dawo ta buɗe, ya riga ya kwanta a kan yashi, jan nan ya koɗe. Ba ta yi kuka nan take ba, durƙusawa ta yi ta sa hannu ta ɗauko shi.

Abin da ya fi kashe ni, ita da kanta ta karɓi laifin. Ta ce wa Yaya ranar Lahadi ta wanke bidon da omo, wataƙila ba ta ɗauraye da kyau ba. Ya taɓa hana ta kusantar da sabulu. Bai yi mata tsawa ba, sai ya kashe waya. Da yamma ya kira Baba ya ce a mayar da ita Tchaké, ba ya son ya dawo ya gan ta. Saura wata biyu birebe, kuma na san Kawu, in ta koma ba zai sake barin ta zo ba, gona za ta shiga. Inna ta roƙe shi, ya ce amana ya ba ta ta yi wasa da ita.

Sannan ya ce a ba ni waya. Ya ce, "Ƙanwata, ki yafe mani. Da ke na ba tun farko da haka ba ta faru ba. Karɓi makullin ki ceto abin da ya saura." Maganar da na yi wata biyu ina jira ke nan. Na ce to, Yaya. Makullin yana wuyana yanzu ina rubutun nan, ji nake kamar igiya.

Jiya Rakiya ta same ni ina canza ruwa, ta tsaya bakin ƙofa ba ta shigo ba. Ta ce, "Yayata, ke yake jin maganarki yanzu. Ki roƙa mani shi ya bar ni in yi jarrabawa kawai, ko a zaure zan kwana." Har ta nuna mani yadda ake zuba ruwan a hankali don kada yashi ya tashi. Kuma don ku san irin zuciyar da nake fama da ita, da na ga Inna na haɗa mata kaya tana hawaye, sai da na ji wani abu ya soke ni, na ce ni wa ya yi mani kuka haka ranar da na faɗi bak? Wace irin mutum ce ni?

Ranar Lahadi motar kasuwa za ta tafi da ita. In na yi shiru, karatun yarinyar nan ya ƙare a kan abin da ba ta yi ba. In na faɗa, Yaya ba zai ƙara kallona da idon da ba, Baba zai ji, Kawu zai ji, Tchaké duka za ta ji. Na gwada roƙa mata shi ba tare da na faɗi gaskiya ba, ya ce in bar maganar. Saura kwana biyu.

Don Allah ku gaya mani, in fara da Inna ne, ko in kira Yaya, ko ita Rakiyar zan fara durƙusa wa? Me zan yi?