Maɓallin da Baduku Ya Rufe

Ƙofar Marke, Sakkwato,
12 ga Yuli, 1976.

Zuwa ga uwargidana Sadiyatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da 'yar baƙuwarmu. Yaya ruwan zafi? Yaya jikin naki? Ki gaida mini Baba da Inna, ki yi musu barka da damina. Ni lafiyata lau, in ban da kewa.

Labarin gida shi ne maigida Alhaji Ladan ya sayo sabuwar jif. Tun da kwangilar soja ta buɗe masa, ba ya ganin abu ya ƙyale. Motar ta zo da direbanta, wani Abdulwahabu daga Kaduna, wanda ba ya cire baƙin tabarau ko hadari ya haɗo.

Na san za ki ce na fara zancen mota. Ki yi haƙuri, ba ni da wanda zan gaya wa. Tsohuwar jif ɗin da nake ja shekara goma sha ɗaya, a kan kwalta ƙafafun baya ne kawai ke tura ta. In na iso yashi ko laka sai in sa mata agzileri, wato in ɗaure ƙafafun gaba da na baya su yi aiki tare. Ita kuwa sabuwar, ƙafafunta huɗu kullum a cikin aiki suke, ita ke raba musu ƙarfi da kanta. Abdulwahabu ya ce motar zamani ba ta jiran direba ya yi mata tunani. Da ni yake, na kuwa ji.

Gaskiya tana da kyau, kuma a kwana ba ta gardama irin tawa. Alhaji har ya kira baduku ya ɗinke mata kujeru da jan fata mai zane, ya rufe tudun da ke tsakanin kujerun gaba, sandunan giya kawai ya bar wa kafa. Yanzu ko tsinke ba a ajewa a kan fatar nan.

Ki riƙa cin abinci. Ni ne mijinki,
Maigandi.

2 ga Agusta, 1976.

Sadiyatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka. Saƙonki ya iso, na ji yarinya ta fara murmushi, Allah ya raya mana.

Ba zan ɓoye miki ba. Jiya bayan la'asar Alhaji ya kira ni zaure. Ya ce ƙarshen wata zai sayar da tsohuwar jif, kuma mota ɗaya ba ta buƙatar direba biyu. Ya ce sabuwar ta masu jin Turanci ce. Ke kin san ɗakin da muke ciki na direban gida ne. Ke nan ranar da kika gama wanka, ban san inda zan kawo ki ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro nake ji. Kada ki gaya wa Baba. Na san zai ce in zo ya yanka mini gona, ni kuwa kunyar hakan ta fi ƙarfina.

Yau da safe, Abdulwahabu na can wajen mai shayi, na shige ƙarƙashin motar tasa na kwanta ina kallo. Na ga wani siririn bututu ya tashi daga akwatin giya ya yi sama, daidai ƙarƙashin fatar Alhaji. Sai na tuna ranar da aka kawo ta na ga ɗan maɓalli a wurin. Na je na tambayi Mode bakanike. Ya ce bai taɓa kwance irinta ba, amma yana jin in an ja shi yana ɗaure gaba da baya. Yana ji ne kawai, bai rantse ba.

Ki sa ni a addu'a.
Maigandi.

23 ga Agusta, 1976.

Zuwa ga Sadiyatu,

Ina gaishe ki gaisuwar mai farin ciki. Yaya yarinya, yaya su Inna? Ki gyara zama kafin ki ci gaba.

Ranar Asabar Alhaji ya ce za a kai takin zamani gonar shinkafarsa ta fadama. Kin san gwamnati ta ce kowa ya koma gona, shi ya sa manya duk suka zama manoma. Ni na ɗauki taki a tsohuwa. Alhaji da baƙi biyu daga ma'aikatar gona suka shiga sabuwa. Har muka wuce Kalambaina ban ƙara ganin bayansu ba, sai da kwalta ta ƙare na iske su suna jira, na shige gaba.

An kwana ana ruwa. Da muka iso mashigin laka na sa agzileri, na bi a hankali, na haye. Abdulwahabu ya biyo ni da gudu. A tsakiya ƙafar gaba ta dama ta faɗa rami. Ya sa ƙaramar giya ya taka mai, ƙafar nan ɗaya ta yi ta juyawa tana feshin laka, sauran ukun suna tsaye suna kallonta. Ashe ƙarfin da motar ke rabawa kamar ruwa yake, inda ya fi sauƙi nan yake gangarawa. Manoma suka taru suka tura, ta ƙara nutsewa. Baƙin nan suka fara ƙunshe dariya. Alhaji ya leƙo ta taga, fuska a murtuke, ya ce in kawo igiya in ja su.

Nan na tsaya na yi tunani. In na ja su, tsohuwar jif ce za ta ci yabo, ita kuwa an riga an yi mata mai saye. Ni da ita za mu bar gidan tare, ana yaba mu. Sai na naɗe wando na shiga lakar, na roƙi Alhaji a ba ni sitiyari sau ɗaya. Ya ce wa Abdulwahabu ya sauka.

Na zauna na shafa fatar har na ji ɗan tudu a ƙarƙashin yatsana. Na ciro wuƙar aljihuna. Sadiyatu, a gaban idon Alhaji na tsaga jan fatar nan tasa. Na ji ya ja salati. Na san in maganar Mode ba daidai ba ce, ko ƙarshen wata ba zan kai ba. Na ja maɓallin sama, wata 'yar fitila ta kama. Na yi bisimilla na saki kuloci a hankali.

Motar ta yi nishi, na ji ƙafafun baya sun kama ƙasa. Ta ɗago hanci, ta tako ta fito kamar ba ita ba. Manoma suka ɗauki sowa. Ni dai na riƙe sitiyari kam, don kada a ga idona ya kawo ruwa.

Ashe baduku ya ga maɓallin ba shi da aiki, yana ɓata masa zane, ya ɗinke shi. Abdulwahabu kuma ya yarda cewa mai jan ƙafa huɗu kullum ba ta da abin da za a ɗaure mata, bai taɓa nema ba. Baƙin suka tambaye ni wacce ta fi a cikin motocin biyu. Na ce a kwalta da ruwa sabuwar ta fi kama hanya, a laka kuwa duk ɗaya ne, sai an ɗaure su, kuma ba su san lokacin ɗaurin ba sai an gaya musu.

Abdulwahabu ya kyauta, ya zo ya ba ni hannu ya ce in nuna masa. An mai da shi kan babbar motar Alhaji ta ɗaukar siminti, bai rasa abinci ba, na ji daɗin haka.

Ni na tuƙo Alhaji a sabuwar har muka dawo gida. Da na tsaya a ƙofa na miƙa masa makulli, bai karɓa ba. Ya ce in kira baduku ya gyara ɓarnar da na yi, ya bar wa maɓallin kafa, sannan in sa a shafe ɗakinmu da farar ƙasa kafin mai jego ta dawo.

An gama shafen jiya. Ki haɗa kayanki, ranar Lahadi ina tafe in ɗauke ku, ko ana ruwa ko ba a yi.

Ki gaida kowa da kowa. Ni ne mijinki mai begenki,
Maigandi Direba.