Tarakta Mai Bolt Shida Ta Raba Ni Da Maƙwabta

Malama Binta, ki taimake ni da shawara, don na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana bai yi dariya ba.

Shekara talatin da biyu na yi ina koyar da aikin wutar mota a wata makarantar koyon sana'a. Da na yi ritaya aka ba ni agogon bango, ko wata uku bai yi ba ya tsaya. Abin kirki ɗaya da na mallaka shi ne wata tsohuwar tarakta mai shan fetur, ta girmi duk 'ya'yana. Batirinta bolt shida ne, wato ƙarfin wutarsa ke nan, kuma jan kan batirin ne ake ɗaure wa jikin ƙarfe, ba baƙin ba. Haka masu hankali suka ƙera ta.

Shekarun da ba a iya fita gona saboda rashin tsaro tana ajiye a ƙofar gidana a Bulumkutu, matata Rashida tana shanya kuɓewa a kanta. Bana hanyar gonarmu ta Khaddamari ta buɗu. Ƙanena Babakura ya ce in ban yi huɗa kafin ruwa ya zauna ba, zai ba wani aron gonar. Gonar mahaifinmu ce, Malama.

Batirin ya mutu. Na zagaye Kasuwar Kwastam, babu mai bolt shida. Wani ɗan kasuwa ya tambaye ni ko rabin batir nake so ya yanka mini. Wani ya nuna mini na sola. Zamani ke nan, kowa sha biyu yake so, ko ashirin da huɗu, ga ƙarfi ga ƙara, aikin babu. Na ga sababbin taraktoci an jera su an ɗaura musu ƙyalle an ɗauki hoto, har yau ban ga sawun tayarsu a gonar kowa ba.

Sai na koma tayar da ita da turi. Bayan sallar Asuba nakan roƙi jama'a su sa hannu. Makon farko mutum tara suka tura. Na biyu, huɗu. Yanzu liman na sallamewa sai ki ga dattawa suna fita ta ƙofar baya da takalma a hannu. Wani maƙwabcina ya koma masallacin wata unguwa, wai ya fi son ƙira'ar can.

Kowa ya ce in mayar da ita sha biyu. Mutum ɗaya ne a garin nan zai iya wannan ba tare da ya ƙona mini wayoyi ba, wato Mikail riwaya, mai gyaran wutar mota. Mikail ɗalibina ne. Na kayar da shi a jarrabawar ƙarshe saboda ya haɗa batir a juye, na kuma faɗa a gaban aji cewa ko tocila ba zai taɓa gyarawa ba. Yau garejinsa ƙofa uku ne. In mun haɗu har ƙasa yake gaishe ni, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Shin in bar ta a shidanta kamar yadda aka yi ta, ko in kai kaina a wulaƙanta ni?

Tsohon Malami, Bulumkutu

Baba Malam,

Ta wani gefen kana da gaskiya. Bolt shida ba cuta ba ne. In da batir mai kyau, da waya mai kauri, da kawuna a goge, za ta tashi lafiya, kuma ta zauna yadda aka ƙera ta. Amma batirin da babu shi a kasuwa ba ya huɗa, kuma kafin a yi odarsa daga nesa gonar ta tafi.

Sha biyu kuwa ko'ina akwai. Ka fi ni sanin sauran: a cire dainamo mai cajin batir a sa altaneto a madadinsa, a sauya ƙwayayen fitila da koyil, a mayar da baƙin kai jikin ƙarfe. Kik ɗin da ke tayar da injin zai jure in ba a daɗe ana murza shi ba. Ka adana tsofaffin kayan a buhu, ran da ka samu mai shida ka mayar.

Ka lura da wani abu. In an gama, batirin zai zauna ne a juye da yadda yake a yau, wato irin haɗin da wataƙila ka kayar da yaro a kansa. Mutumin da yake durƙusa maka bayan shekaru ba wulaƙanci yake shirya maka ba. Ka je garejinsa gobe da safe, da ƙafarka, ba aike ba. Ka ce masa ka yi kuskure a maganar tocila. Sannan ka tsaya a kansa yana aiki, tunda na san ba za ka iya zama ba. In ta tashi da kik ɗaya, ka faɗa a gaban ma'aikatansa cewa ya ci jarrabawa.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya bar gona a hannunka, ya dawo da dattawan Bulumkutu ƙofar gaba.

Malama Binta