Yaya Jiki, Malam Badaru?

Yammedi, 6 ga Oktoba, 2025

Zuwa ga uwargidana Safara'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin Inna? Allah ya sa ƙafar ta kama, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Ki gaishe da ƙanwarki Saude da duk mutanen Jajaye. Ni ina nan lafiya lau.

Tunda wayarki ta ga dama ta yi wanka a randa, na koma takarda. Sadiƙ direba zai miƙo miki idan ya shigo Rogo.

Kin san kasalar nan da ke kama ni bayan azahar. To, ranar Talata a zauren Dagaci, ana tsakiyar sulhun iyakar gona ina rubutu, sai ji na yi ana taɓa ni. Wai gyangyaɗi na yi, har alƙalami ya ja layi daga sunan mai ƙara zuwa ƙarshen shafi. Shekara ashirin da shida ina magatakarda, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Dagaci ya ja ni gefe cikin mutunci, ya ce in nemi magani kafin babban zaman da za a yi bayan cire gyaɗa, in ba haka ba dole ya miƙa littafin ga Sulle. Sulle fa, Safara'u! Mutumin da ke rubuta gyaɗa babu ƙugiya a kan harafin ɗa.

Shi ya sa na tafi asibiti Kano. Likitar, Ummulkhair, ba ta wuce sa'ar 'yarmu Bahijja ba, amma ta san aikinta. Ta ce akwai wata 'yar ƙulluwa a saman ƙoda mai fitar da sinadarin da ke ba jiki kuzari. A jikin kowa yakan cika da asuba, ya riƙa raguwa har yamma. Ni nawa sai ya ƙare tun rana na tsaka. Ta ba ni ƙwaya, ɗaya da safe, rabi da rana. Sannan ta manna mini wani abu kamar maɓallin riga a dantse, ta haɗa shi da wayata. Shi ke auna sinadarin, wata na'ura kuma da suke kira ƙirƙirarriyar basira ta riƙa nazarin hawansa da saukarsa, har ta iya faɗin sa'ar da zai ƙare mini tun bai ƙare ba. Sharaɗi ɗaya ne: sau uku a rana wayar za ta tambaye ni yadda nake ji, ni kuma in ba ta amsa.

Kada ki ɗaga hankalinki, abin bai kai ya kawo ba. Ki zauna da Inna.

Naki,
Badaru

Yammedi, 27 ga Oktoba, 2025

Safara'u,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Saƙonki ya iso tare da yajin, na gode. Na ji daɗi da Inna ta fara dafa bango. Ni ma alhamdulillahi.

Kin tambayi labarin na'urar. Wallahi ta fi wasu 'yan Adam tarbiyya. Da hantsi, da azahar, da la'asar, sai in ji murya da Hausa tsantsa tana cewa yaya jiki, Malam Badaru. Ni kuwa ba a bari na a baya wajen gaisuwa, nan take nake ce mata da sauƙi. Kwanakin farko har nakan tambaye ta mutanen gidanta da gajiya, sai na lura ba ta amsawa, na ce ƙila mai kunya ce. Rannan a kasuwar Karaye ta gaishe ni daga aljihu, mai nama ya waiga yana neman matar da na ɓoye.

Jiya likita ta bugo da albishir. Ta ce na'urar ta gano wani abin mamaki game da ni: ko sinadarin ya yi ƙasa warwas, ni ba na jin komai. Wai ba su taɓa ganin jiki irin nawa ba. Ta ƙara tambayata da bakinta, na ce mata da sauƙi sosai. Saboda haka ta ce in ajiye rabin ƙwayar rana tukuna, a gani. Kin ji mijinki, har Kano an san da shi.

Iyaka dai kwana biyun nan a zaune nake sallar la'asar, kuma buta ta yi nauyi, ban san me ake zuba mata ba. Wannan tsufa ne, ba abin da za a kai wa baƙuwa ƙara ba. Sulle ya sayi sabon alƙalami mai ruwan zinariya, yana saƙale da shi a aljihun gaba inda zan gani. Allah ya shirye shi.

Ki gaishe da kowa.

Mijinki,
Badaru

Yammedi, 19 ga Nuwamba, 2025

Uwargida Safara'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna da Saude. Allah ya ƙara mata lafiya.

Gara ki ji daga bakina kafin Sadiƙ ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya aka yi babban zaman. Zaure ya cika har waje. Na rubuta shaida biyu lafiya, a na uku sai na ga bango yana tafiya. Suka ce a hankali na sulale, na kwantar da kaina a cinyar wanda ake ƙara. Kuma a daidai lokacin wayar ta yi gaisuwar la'asar. Mutum goma sun rantse cewa ina kwance, ido a rufe, na ce mata da sauƙi.

A motar Dagaci aka kai ni Kano. Da na farfaɗo, likita ta juyo mini da fuskar kwamfutarta. Ga layin sinadarina yana gangarawa kullum bayan azahar, na'urar ta ga wannan sarai tun makon farko. A ƙarƙashinsa kuma ga amsoshina a jere, ɗari da ashirin da shida. Da sauƙi, da sauƙi, da sauƙi. Shida kawai suka bambanta, su kuma alhamdulillahi na ce. Ta tambaye ni dalilin da ya sa na yi wa na'ura ƙarya. Raina ya ɓaci, na ce ni ban yi ƙarya ba, gaisuwa aka yi mini na amsa. A ina aka taɓa cewa yaya jiki, mutum ya ce babu daɗi? Ko baban Dagaci ranar da zai cika, da sauƙi ya ce mana. Ta dafe kai tana dariya har da hawaye, ta ce laifin nasu ne su ma, da Bahaushe suka sa wa tambayar a bakin gaisuwa, kuma ita kanta ta faɗa ramin. Amma na'ura ba surukata ba ce, abin da na faɗa shi take ɗauka.

An mayar mini da rabin ƙwayar, na'ura za ta sake karatun jikina daga farko. Littafi yana hannun Sulle. Dagaci ya ce aro ne na wata ɗaya, in na tsaya da ƙafata a dawo mini da shi. Ashe alƙalamina a bakina yake.

Ga inda gizo ke saƙar, Safara'u: na kasa. Jiya da azahar wayar ta gaishe ni, kaina na juyawa, na buɗe baki da niyyar gaskiya, sai na ji da sauƙi ta riga ni fita. Na buga wa likita. Ta ce in ɗauka ina magana ne da wanda ba na ɓoye wa komai. Na zauna a gindin darbejiya ina lissafa mutane, na zo kanki na tsaya. Shekara talatin da ɗaya kina tambayata yaya jiki, ke ma amsar da na ba waya ita nake ba ki.

To, bari in gwada a takarda, tunda hannuna ya fi bakina ƙarfin hali. Ba ni da lafiya. Ƙafafuna rawa suke yi, abinci ba ya shiga, kuma ina jin tsoro. Ki bar Inna a hannun Saude ko na mako biyu ne, ki biyo Sadiƙ. In wayar ta gaishe ni, ki tsaya a kaina ki harare ni har sai na faɗa mata gaskiya.

Wassalam. Mijinki mai jiran ki,
Badaru