Dankalin Madam Simha

Laraba, 8 Shawwal 1445
Autata Hiba ta kira daga Kanada. Wai maƙwabciyarta, wata tsohuwa Madam Simha, ta faɗi ta karye a hannu, ga idinsu na Yahudawa ran Litinin, jikoki za su zo. Akwai gashin dankali da ƙwai da take yi musu duk shekara, Hiba na so ta yi mata. Sau biyu tana gwadawa yana kwaɓewa.

"Mama, ke ce gwanar girki, koya min."

Na ce ban shekara talatin ina dafa wa baƙin Manzon Allah abinci don in ƙare kukun Yahudawa ba. Da Larabci na faɗa, don ya shige ta sosai. Na ƙara da abin da ba zan rubuta ba.

Sai wata murya ta ce, "Salamu alaikum, ya Hajja." Ashe tsohuwar tana gefe. 'Yar Maroko ce, Larabci a bakinta. Ta ji komai.

Kuma da azumin Sitta Shawwal a bakina.

Alhamis, 9 Shawwal
Hiba ba ta ɗauki wayata ba.

Juma'a, 10 Shawwal
Surukina Walid ya kira. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce lokacin da Hiba ta haihu, ina nan unguwarmu ta Ƙurban a birnin Manzon Allah bizata ta ƙi fitowa, Madam Simha ce ta kwana uku a asibiti, ita ta yi wa jikata wankan farko. Na tuna. "Wata maƙwabciya" suka ce min, na yi ta sa mata albarka. Sun ɓoye ko wace ce don sun san halina.

Sun san halina.

Asabar, 11 Shawwal
Na sayo dankali kilo uku a kasuwar Azizya. Ba a sa fulawa, in ji Walid, ba sa cin ta a wannan idin. Na farko ya zama kunu. Maigida ya leƙo, "Tasallah, me ake yi?" Na ce girkin Turkawa ne. Ƙarya kan ƙarya.

Lahadi, 12 Shawwal
Na uku ya tsaya, bayansa ja, cikinsa laushi. A tsane dankalin a kan wuta, ya huce kafin ƙwai, man ya yi zafi a tire kafin a zuba. Na tura wa Hiba saƙon murya. Awo kawai na faɗa. Haƙurin ya maƙale a wuya.

Talata, 14 Shawwal
Hiba ta turo hoton tire, an side shi tas. Sai muryar tsohuwar: Allah ya ba hannuna lafiya, wai mahaifiyarta ma haka take zafafa man. Ba ta ta da maganar Laraba ba. Sau huɗu na fara amsa ina gogewa.

Alhamis, 16 Shawwal
Wafa, ƙawar Hiba, za ta koma Kanada jibi, na ba ta saƙon Hiba. Kwalin dabinon Ajwa biyu na saka, wai don jakar da sauran wuri. Na biyun ban rubuta suna ba.